Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Unguwa Da Masu Gidajen Haya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa ga shugaban kwamiti, da dattawan unguwa, da iyayenmu masu gidaje maza da mata, tare da fatan Allah ya ƙara girma da lafiya. Ni ɗan haya ne a cikinku, kuma da yawun 'yan'uwana 'yan haya nake magana. Mun ga ya fi kyau a buɗe wasiƙar kowa ya karanta, domin maganar da ke cikinta ta daɗe ana yin ta ƙasa-ƙasa a bakin famfo da ƙofar gida, amma ba ta taɓa shiga taron kwamiti ba. Dalili a fili yake: waɗanda abin ya dama ba su da kujera a wurin.

Kafin wani ya ce ga 'yan haya nan sun zo kukan tsada, bari in kwantar muku da hankali. Ba mu zo roƙon a ƙayyade muku farashin ɗakunanku ba. Mun san kayan gini sun tashi, siminti da kwano da ladan magini ba sa jiran kowa. Mun kuma san ƙayyade kuɗin haya da ƙarfin doka ba kullum yake haifar da ɗa mai ido ba. A birnin San Faransisko na Amurka, a 1994 aka faɗaɗa irin wannan doka ta haɗa da ƙananan gidajen haya da aka gina kafin 1980. Da masana tattalin arziki na Jami'ar Stanford suka bi diddigin abin daga baya, sai suka tarar waɗanda dokar ta samu a cikin gida sun amfana, sun daɗe a unguwanninsu, amma masu gidajen sun janye kashi 15 cikin ɗari na ɗakunan daga kasuwar haya, wasu suka sayar, wasu suka sake gini. Ƙarshenta hayar sauran birnin ta ƙara tsada. Saboda haka farashi mun bar ku da kasuwa da tsoron Allah. Kukanmu yana kan yadda ake karɓar kuɗin, da lokacin da ake karɓa, da abubuwan da ake rataya masa.

Mai albashi wata-wata ake biyansa. Mai sana'ar hannu da ɗan tireda da direba kullum-kullum suke samu, yau a samu, gobe a tashi haka nan. Babu ɗan hayar da ake zube masa kuɗin shekara a dunƙule. Amma ranar da zai kama ɗaki sai a ce ya ajiye na shekara, wani gidan ma na shekara biyu. Don Allah ku yi lissafin da kanku. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da gida ke samu. Daga Amurka ya samo asali: a 1969 Sanata Edward Brooke ya kawo gyaran dokar da ta hana a karɓi fiye da kashi 25 na samun mazauna gidajen gwamnati, a 1981 aka ɗaga shi zuwa 30. To a ce mutum yana kusa da wannan ma'auni, haya tana cin sulusin albashinsa. Kuɗin shekara ɗaya ke nan albashinsa ne na wata huɗu cif, bai ci ba, bai sha ba, bai kai yaro asibiti ba. Na shekara biyu kuwa albashin wata takwas. Kuma mutum nawa ne a unguwar nan hayarsu ta tsaya a sulusi?

Inda kuɗin ke fitowa kun sani, mun sani. A ci bashi a wurin aiki, a taɓa jari, tela ya sayar da kekensa ɗaya, mai babur ya jinginar da babur. Mutum ya rabu da abin da yake neman abinci da shi don ya samu wurin kwana, shekara ta zagayo a ce ya sake kawowa, har da ƙari. In aka duba da idon basira, ɗan haya ne ke ba mai gida bashi, tunda ya biya kuɗin wata na goma sha biyu tun bai kwana a wata na farko ba. Mai ƙaramin ƙarfi ke ranta wa mai kadara, ba riba, ba ko godiya. Kuma da zarar kuɗin ya shiga hannu, bakin ɗan haya ya mutu. Rufi ya fara yoyo a wata na uku, ya buga waya, a ce masa ana tafe. Masai ya cika, a ce ya yi haƙuri. Da me zai ja? Ya riga ya biya har ƙarshe.

Hukumomi a wurare da dama sun gane wannan tun da daɗewa. Dokar haya ta ƙasar Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba. Jihar Legas ta yi tata a 2011, ta hana a karɓi fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, da fiye da na wata shida daga wanda yake ciki yana biya wata-wata. Duk da haka a wuraren biyu har gobe ana neman na shekara biyu, kuma ana biya. Wanda ke yawo da iyali yana neman ɗaki ba zai kai ƙarar mutumin da makulli ke hannunsa ba. Shi ya sa muka kawo maganar gabanku ba mu jira gwamnati ba. Abin da ya gagari kotu, kunyar maƙwabci tana iya yin sa. In masu gidaje goma a layi ɗaya suka amince da tsari guda, na goma sha ɗaya zai ji nauyin ware kansa.

Abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba. Sabon ɗan haya, wanda ba ku san halinsa ba, ya fara da na wata shida, ya kawo wanda zai tsaya masa. Idan ya shekara yana biya a kan lokaci, a mayar da shi biyan wata-wata, ko wata uku-uku in mai gida ya fi son haka. Wanda ya shekara biyar a gida bai taɓa saɓa alkawari ba, me ake tsoro a wurinsa da har yanzu ake ce masa ya zube na shekara?

Mun san inda tsoron yake, kuma ba ma raina shi. A cikinku akwai matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da ɗakuna huɗu, hayar nan ita ce abincinsu da kuɗin makarantarsu. Akwai ɗan fansho da ya zuba duk abin da ya tara a gini. Irin waɗannan idan ɗan haya ya riƙe musu kuɗin wata uku, gidansu ne ba a ɗora tukunya. A cikinmu kuma akwai marasa amana, waɗanda za su ƙi biya, su ƙi fita, su ɓalle ƙofa da famfo ranar tashi, sannan fitar da su ta hanyar kotu ya ci watanni. Ba mu zo kare su ba, mu ma sun ɓata mana suna. Amma hukunta mutum ashirin saboda laifin ɗaya bai kamata ba, alhali kwamiti na iya buɗe littafi a riƙa rubuta wanda ya biya da wanda ya ci amana, duk mai gidan da zai ba da ɗaki ya duba.

Akwai kuma lissafin da nake ganin masu gida ba su cika yi ba. Wata ɗaya da ɗaki zai yi a rufe ya ci fiye da kashi 8 cikin ɗari na kuɗin shekara. Idan aka ƙara kashi 10, ɗan haya ya kasa ya tashi, ɗakin ya yi wata biyu ba kowa, abin da zai shigo a shekarar bai kai kashi 92 na tsohon kuɗin ba, ban da fenti da gyara. Wato an yi ƙari an kuma yi asara.

To wa ke cin ribar tashin ɗan haya? Dillali. Ina neman afuwar dillalan kirki, akwai su, amma tsarin kansa a karkace yake. Dillali ba ya samun komai a kan ɗan hayar da ya zauna lafiya shekara goma. La'adarsa tana zuwa ne ranar da wani ya fita wani ya shiga. Don haka kada ku yi mamaki in shi ne ke raɗa muku a kunne cewa ɗakin nan ya fi abin da ake biya, akwai wanda zai ba da ninki. Mai gida ne ya kira shi, aikin mai gida yake yi, amma ɗan haya ke biyansa. Kafin ma a kai ga la'ada akwai kuɗin ganin gida, wanda ake karɓa ko gidan ya yi maka ko bai yi ba, da kuɗin fom, da kuɗin yarjejeniyar da sau da yawa ba ka ganin takardarta. Wani gidan dillalai uku ne a jere, kowa da kasonsa. A Jamus, inda kimanin rabin jama'a a gidan haya suke, tun 2015 doka ta ce wanda ya ɗauko dillali shi zai biya shi. A Ingila dokar 2019 ta hana dillalai cajin 'yan haya yawancin irin waɗannan kuɗaɗe. Mu ba mu kai can ba tukuna. Muna cewa dai kwamiti ya san dillalan da ke aiki a unguwa, la'ada ta zama sananniya kuma sau ɗaya, a raba ta tsakanin mai gida da ɗan haya, kuɗin ganin gida kuma a daina shi. Wanda ya karɓi la'ada kuwa, ranar da rigima ta tashi a nemo shi ya zo ya tsaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna. Asalinsa amana ce, kuɗin ɗan haya ne da ke jiran ranar tashinsa. Amma ku tambayi 'yan haya nawa ne aka taɓa mayar musu. Ranar tashi sai a zagaya ɗaki ana nuna fentin da ya koɗe da makullin da ya sassauta, a ce kuɗin ma bai isa ba. Fenti dole ya koɗe in mutum ya shekara huɗu a ɗaki. Wannan tsufa ne, kuma kuɗin haya ne ke biyansa. Ɓarna ita ce gilashin da aka fasa da ƙofar da aka ɓalle. A Jamus ajiyar ba ta wuce kuɗin wata uku, ɗan haya na da damar biya kashi uku, kuma dole mai gida ya ajiye ta a asusu dabam da nasa, abin da ta haifa na ɗan haya ne. A Ingila tun 2007 ake sa ta ƙarƙashin tsarin da gwamnati ta amince da shi, yanzu cikin kwana 30 da karɓa, kuma a yawancin gidaje ba ta wuce kuɗin mako biyar. Mu nan ba ma buƙatar wani ofishi. Kowa na da waya a aljihu. A ɗauki hoton ɗaki ranar shiga a gaban shaida, a ɗauka ranar fita, kuɗin kuma ya zauna a asusun kwamiti da sa hannun mutum biyu.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai da rubutu. Abin mamaki, mutanen da ba za su sayi fili ba takarda ba, su ne ke karɓar kuɗin shekara a tsaye a ƙofar gida ba rasit. In ka nemi rasit sai a ce ba ka yarda da mutane ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin. Takarda shafi ɗaya ta isa: nawa ne kuɗin, yaushe ake biya, wa ke gyaran rufi da masai, wa ke canza ƙwan fitila, wata nawa za a ba da kafin ƙari, wata nawa kafin notis ɗin tashi. Maganar ƙari ta fi ci mana rai. Saura mako biyu haya ta ƙare sai a aiko yaro ya ce an ƙara. Mutumin da ya shekara yana tara adadin da ya sani, ina zai samo cikon cikin kwana goma sha huɗu? A ba mu wata uku. A dokar Legas ɗin nan ma, in ba a rubuta wani abu dabam ba, wata shida ake ba mai biyan shekara kafin a tashe shi.

Akwai abin da ba na jin daɗin rubutawa, amma yana faruwa. A yanke wa mutum ruwa da wuta, a cire ƙofar ɗakinsa, a yaye kwano ana tsakiyar damina, a watso kayansa waje yaransa na kallo. Ko bashin shekara ake binsa, wannan ɗaukar doka a hannu ne. Ranar da aka yi haka a layi kwamiti ya yi shiru, kowane ɗan haya ya fahimci matsayinsa.

Maganar mita ba za ta ja mu da nisa ba. Gidan da ke da mita ɗaya, a riƙa manna takardar kuɗin wuta inda kowa zai gani, a raba bisa kayan da kowa ke kunnawa, mai fanka ɗaya kada ya biya daidai da mai firji biyu. Bashin wutar da tsohon ɗan haya ya bari kuma kada a ɗora wa sabo.

Yanzu ga wadda ta shafi kwamiti kai tsaye. Ranar karɓar kuɗin 'yan sintiri ƙofarmu ake bugawa. Kuɗin kwashe shara, kuɗin yashe magudana, gudummawar gyaran taransifoma, duk ba a tsallake ɗan haya, kuma a gidaje da yawa mu ne muka fi yawa, tunda wasu masu gidajen ma ba a unguwar suke kwana ba. Ba mu ƙi biya ba. Amma ba mu taɓa ganin an karanta nawa aka tara da inda aka kashe ba, kuma ranar yanke shawara sai a ce taron masu gida ne. In ɗan haya ya ɗaga hannu sai a tuna masa cewa shi baƙo ne, gobe zai tashi. Akwai wanda aka haifi 'ya'yansa duka a layin nan, ya yi jinyar maƙwabta, ya kwana a waje ranar da ruwa ya ci gidaje yana kwashe kayan mutane. Shekara nawa zai yi kafin ya daina zama baƙo? Muna neman kujeru biyu a kwamiti, ɗaya ta mace, 'yan haya su zaɓa da kansu, da kuma bayanin kuɗi a rubuce duk wata uku. Wannan kariya ce ga ma'aji ma, don inda ba a karanta lissafi zargi ba ya ƙarewa.

Kuna yawan kukan cewa unguwa ta lalace, ba a san juna ba, sata ta yi yawa. Gaskiya ne. Amma layin da rabin mutanensa ke canzawa duk shekara biyu, ta yaya za a san juna? Wanda ya san zai daɗe shi ke gyara magudanar ƙofarsa, shi ke tambayar baƙuwar fuska wa take nema, shi ke tsawata wa ɗan maƙwabci in ya gan shi inda bai dace ba. Wanda ke jiran notis ba ruwansa. Duk tashin gida ɗaya kuma yara ne aka cire daga makaranta ana tsakiyar zango, mai sana'a ya rabu da masu sayensa. Kuɗin da kuke zubawa a ƙofar ƙarfe da fitilun layi ba zai yi aikin maƙwabcin da ya san kowa ba.

Ina roƙon iyayenmu mata da ke cikinku su sa baki a kan waɗanda ake mayarwa tun daga ƙofa. Macen da aurenta ya mutu, da wadda mijinta ya rasu, da ma'aikaciyar da aka turo aiki ba ta da kowa a gari, ana ce musu ba a ba mace ɗaki sai da miji, ko da kuɗinsu a hannu. Saurayi a ce ba a ba gwauro. Mai yara shida a ce sun yi yawa. Wani kuma da an ji harshensa ko sunansa sai ɗakin ya zama an riga an kama. Mai gida na da haƙƙin sanin wa zai zauna masa a gida, ya tambayi sana'a, ya nemi mai tsayawa. Amma matar nan da aka kora da marayunta, wani wuri za ta kwana dole, kuma yawanci inda ya fi tsada ya fi haɗari.

A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu gidaje a birnin Gilasgo na Sikotland suka ga ma'aikata sun cika gari, suka yi ta ƙara haya alhali mazan gidajen suna fagen fama. Matan unguwar Govan, ƙarƙashin jagorancin Mary Barbour, suka daina biyan ƙarin. Suna sa mace ɗaya gadi da ƙararrawa, da ta hango masu fitar da mutane sai ta kaɗa, mata su fito su tare hanya. Dubban gidaje suka shiga, kafin shekarar ta ƙare majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta mayar da hayar ƙananan gidaje yadda take kafin yaƙi. Ban kawo wannan don barazana ba, Allah ya kiyaye, mu da ku ba mu kai nan ba. Abin lura shi ne masu gidajen can da sun saurara tun farko da sun tsira da fiye da abin da doka ta bar musu.

Muna roƙon shugaba ya sa wannan magana a jerin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa, a kuma ba mutum uku daga cikinmu izinin shiga. Za mu zo da samfurin yarjejeniya mai shafi ɗaya ku duba ku gyara, da sunayen masu gidajen da suka riga suka ce za su gwada karɓar wata uku-uku in kwamiti ya tsaya a tsakani. In ranar taron ba ta yi ba, ku sa mana wata, mun fi samun sukuni da yamma bayan an tashi daga aiki.

Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci.

Naku,
Ɗaya daga cikin 'yan hayar unguwa, a madadin sauran.